Ruwan da Ya Buɗe Mini

Kun sha wuce mu, kar ma ku fara rantsuwa. Kun ga matan nan da ke tsugune a bakin kwalbati suna tura jarka cikin rafi, kun ga kalar abin da ke shiga jarkar, sai kuka ɗage gilashin mota ko kuka dulmiya kai cikin waya, kuka ce "Allah ya kyauta" a ranku, shi ke nan kun sauke nauyi. Yanzu kuma ga ku kun miƙe ƙafa kuna jiran labarin soyayya. To, shi zan ba ku, kuma nawa ne na kaina, amma wallahi sai kun shaƙi warin da ke cikinsa kamar yadda nake shaƙa.

Ni ce auta a gidanmu, sunan ya bi ni har wurin aiki. Aikin gwaje-gwaje na karanta, ina ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti da ke gangare. Idan aka ba ku 'yar roba aka ce ku shiga bayi ku kawo, kuka naɗe ta a baƙar leda kuka miƙo ta taga kuna kawar da fuska, hannuna ne ke karɓa. Ni nake buɗewa, in shafa a gilashi, in sa ido a madubi. Saboda haka in na ce muku na san abin da mutanen gangare ke sha, ba a littafi na gani ba. Ina kallonsa yana motsi.

Gefenmu hawa uku ne. Can sama tudu ne, wurin manya, inda ake shayar da ciyawa da tiyo har ruwa ya malalo titi. Layinmu yana tsakiya. Sai gangare, inda duk abin da aka wanke a sama yake sauka: kwatar gidajen tudu, jinin mayanka, baƙin man garejin kanikawa, duk su haɗu a rafin nan. A can Yaya take aure, mijinta tela ne, suna da 'yar ƙaramar yarinya da muke kira Kanari saboda bakinta ba ya hutawa.

Famfon tsakar gidanmu ya daɗe da mutuwa, har Umma ta mayar da shi wurin rataye soson wanke-wanke. Ranar da 'yan garuwa suka ƙi shigowa, sai mu ɗauki bokiti mu haura gidan wani mai rijiyar burtsatse mu bi layi. A wannan hanyar gwiwoyin Umma suka ƙare. In za ta tashi sai ta dafa bango ta ambaci sunan Allah.

Sai ga Injiniya.

Gwajin jini ya zo yi. Farar riga mai dogon hannu, karin guga kamar ya yanke ka, agogo mai baƙin maɗauri, farce tsaf, ƙamshin turarensa ya danne warin ɗakin gaba ɗaya. Da na ɗaure masa dantse sai ya runtse ido. Na yi dariya, ya ce dariyar ta fi allurar zafi. A ofishin ruwa yake aiki, kowa Injiniya yake ce masa, ko da yake daga baya na gane karatunsa bai kai can ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya shiga raina. Ya iya magana, yana riƙe abin da aka faɗa masa, kuma bai taɓa yatsine fuska ba don ya ji irin aikin da nake yi, abin da ya kori waɗanda suka riga shi.

Ranar da ya ce zai fara zuwa gidanmu, da safe ina ɗaura ɗankwali sai na ji wani abu yana tari a tsakar gida. Famfo ne. Ya yi kaki, ya tofar da jar tsatsa, sai ga ruwa fari tas yana dukan siminti. Umma ta fito ba takalmi. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ta kwaso duk wani abu mai baki a gidan, har kofunan shayi. Da yamma na sa doguwar rigata ruwan zuma da mayafi mai duwatsu a gefe, Umma ta fesa turare a falo, ta fito da kofunan gilashinta da ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kansu.

Da ya sake zuwa, ruwa ya sake zuwa. Haka aka yi ta tafiya. Ni na ɗauka ya san ranakun da ake sakin ruwa ne, yake zaɓar su don ya same mu cikin walwala. Maƙwabta sun riga ni ganewa. Maman 'yan biyu ta koma leƙowa ta katanga tana tambaya ko baƙonmu zai zo gobe, don ta jiƙa wanki. Mai shagon bakin layi, wanda dā da kai yake amsa gaisuwata, ya fara miƙo mini alawa yana cewa a gaida surukinmu. Gwaggo kuwa ta ce in na kuskura na ɓata wa yaron nan rai ita da kanta za ta aure shi, ai haƙoranta na gaba suna nan.

A daidai wannan lokacin aiki ya fara yi mini yawa. Robobi suka cika tire. Yara ake kawowa a saɓe a kafaɗa, ido ya faɗa, fatar ciki in ka ja ta sai ta tsaya a tsaye. Gudawa da amai. Famfo ɗaya ne a gangare duka, shi ne wanda ke gaban asibitinmu, dā yakan kawo wasu safiyoyi, mata su yi layi har bayan shagon mai walda. Yanzu sai ya fara zuba da sassafe, kafin layin ya motsa ya ɗauke ɗif. Sista, babbar ma'aikaciyar jinyarmu, ta je ofishin ruwa, aka ce mata ana gyara. Mata suka koma rafi. Suna tacewa da ɗankwali. Abin da ɗankwalin ya tare in ka gani ba za ka ci abinci ba, abin da bai tare ba kuma ni ake kawo wa.

Wata safiya ban daɗe da isa aiki ba wayata ta yi ƙara.

"Gimbiya, kalli abin da nake yi saboda ke."

Bidiyo ne. Ya jingina wayar a kan mota. Ga shi a mahaɗar nan ta bayan gidan mai, ya ɗage wani murfin ƙarfe da ke shafe da ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya zura wani dogon ƙarfe mai mariƙi a sama cikin ramin. Ya murɗa har ya tsaya. Ya zare, ya zura a wani wurin, ya murɗa ta ɗaya gefen. Sai ya kalli wayar ya ɗaga gira.

"Na buɗe miki. Ki ce wa Umma ta tara. Sai na zo anjima." Ya jera jajayen zukata a ƙarshe.

Murmushi bai gama barin fuskata ba saƙon Yaya ya faɗo a kan nasa. Murya ce, tana haki. Ta ce sun yi layi tun da asuba, ana daf da zuwa kanta famfon ya ɗauke yanzun nan. Kanari kuma tun jiya take zawo, ta kai ko kuka ba ta yi. Ga su nan zuwa.

Na sake kunna bidiyon. Murɗawa biyu ya yi. Ɗaya buɗewa ce. Ɗayar fa?

Na ajiye wayar na fita bakin ƙofa na tarbi su Yaya.

Sista ta sha wahala kafin ta sami jijiya, ƙarshe a kai aka sa wa Kanari ƙarin ruwa. Ni na karɓi robarta. Yarinyar da nake tsinka wa biskit a baki, ni na sa kashinta a madubi, na ga abin da na saba gani.

Da yamma ya zo cikin yadi ruwan ƙasa da takalmi mai sheƙi. Ban canza kaya ba, da rigar aiki na fita, na tare shi a jikin mota kafin ya shiga gida. Na tambaye shi me ya rufe.

Bai ɓoye ba, wannan ne ma ya fi tayar mini da zuciya. Cikin fara'a ya yi mini bayani, har yana zana mini da yatsa a gilashin motar. Ya ce baki huɗu ne a ramin: na tudu, na gidan bulo da wurin wankin motoci, na layinmu, sai na gangare. Ruwan ba ya isar duka, dole kullum a toshe wasu. Na tudu ba a taɓa shi, tun da ya kama aiki bai ga an murɗa shi ba, ƙila ma ya yi tsatsa a buɗe. Na gidan bulo kuma na abokin oga ne. Namu an daɗe da mantawa da shi, gangare ake ɗan ba wa safiya saboda asibiti.

"Safiyar tasu kake kawo mana ke nan," na ce.

"Ke nake kawo wa."

"Su kuma fa?"

"Su ai suna da rafi. Sun saba, cikinsu ya riga ya yi ƙarfi. Ke kuwa dubi hannunki, ai bai dace da bokiti ba."

Na gaya masa 'yar yayata tana kwance da allura a kai. Fuskarsa ta canza, gaskiya bai ji daɗi ba. Ya ce don me ban taɓa faɗa masa ina da 'yar'uwa a can ba? Da tuni ya sa an kai mata tanka har ƙofar gida. Ya ciro waya zai kira direba.

Kun ji fa. Sauran yaran da ke jere a gadajen ba su dame shi ba. Kuskurensa kawai, a ganinsa, bai san ɗaya daga cikinsu tawa ce ba.

Na ce ya mayar da wayar. In yana so na yarda da shi, ya rufe na tudu yini ɗaya ya buɗe mana mu da gangare. Ya yi dariya har yana dafa mota. Ya ce kafin ciyawarsu ta san an ɗauke ruwa waya ta kai ga oga, kafin azahar kuma an karɓe ƙarfen daga hannunsa.

"Matsalarku ke nan 'yan boko, komai sai kun mayar da shi muhawara. Ni kyauta na yi miki."

Na sami Umma tana cika duro. Na zayyana mata komai, tana ji, ba ta kashe famfon ba.

"Ke kika haƙa ramin?" ta ce. "Ke kika raba ruwan? Shekara da shekaru muna babu suna samu, wa ya hauro daga gangaren ya ce a ba mu?" Ta ɗage zaninta ta nuna mini gwiwoyin, sun kumbura suna ƙyalli. "Sau ɗaya a rayuwata wani abu ya zo mini har gida, kin zo da bakinki."

Na ce jikarta ce a kwance. Da duron ya fara tumbatsa ta ce a cika jarkoki a kai wa Yaya gobe. Gwaggo ta ce karatu ne ya yi mini yawa, kallon ƙazanta ya taɓa mini kai. Baba bai ɗago daga rediyonsa ba, ya ce shi bai ga aibun yaron ba, kuma ya riga ya ce masa ya turo manyansa ranar Asabar.

Washegari na kai wa Yaya maganar, a zatona ko kowa ya ƙi ni ita za ta tsaya mini. Tana zaune a bakin gado tana goge wa Kanari leɓe da tsumma mai laima. Ta saurara har ƙarshe. Ta waiga ta dubi sauran matan ɗakin, ta rage murya.

"Ki aure shi, Auta. In kin shiga gidansa sai ki ce ya riƙa buɗe mana."

"Ya rufe na wa?"

"Ko na wa."

Ban ga laifinta ba, uwa ce da ɗiya a kwance. Amma a nan abin ya kai mini iya wuya. Dubi yadda aka mayar da mu. Ba mai tambayar dalilin da ya sa bulo da taya suka fi cikin yaro daraja. Ba mai tambayar wa ya ce ciyawar tudu ba za ta iya kwana da ƙishi ba. Kowa addu'arsa Allah ya ba shi suruki a ofishin ruwa, ya sha shi kaɗai, maƙwabci ya mutu a yi masa gaisuwa. An raba mu biyu, matalauta da waɗanda suka fi su talauci, an jefa mana ragowa muna fisga, na sama ko labari bai ji ba. Kafin azahar ranar aka yaye zanin gadon da ke kusa da na Kanari. Uwar ta fita da yaron a naɗe, ba ta yi kuka ba, tana ta neman ɗayan takalminta a ƙarƙashin benci. Ita ba ta da ƙanwa mai saurayi.

Ana gobe Asabar ya zo tabbatar da lokaci. Ya kawo kwalin ruwan roba da 'yartsana mai gashin zinariya, wai a kai wa Kanari. Umma ta sa shi a kujera mai zaman mutum uku, Baba ya zauna, Gwaggo ta laɓe a bayan labule yatsun ƙafarta suna waje. Na sa baƙar doguwar riga, ban shafa ko hoda ba. Umma ta ce in kawo masa abin sha.

Da ma tun a hanyata ta dawowa daga aiki na tsaya a kwalbati na cika gora da ruwan rafin. Shi na zuba a kofin gilashin Umma, na ɗora a tire, na durƙusa na ajiye a gabansa. Ruwan toka-toka ne, mai yana yawo a samansa, wani zare-zare yana lilo a ciki. Nan take warin ya kori turaren falon.

"Bismillah," na ce. "Ka ce sabo ne. Fara yau."

Gwaggo ta saki salati a bayan labule. Umma ta kama haɓa. Baba ya kira ni da muryar da ban taɓa ji ba. Na juya gare shi, har lokacin ina durƙushe.

"Baba, ka yafe mini. Amma kada manyansa su wahalar da kansu gobe."

Injiniya bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya yi wa Baba sallama cikin ladabi, ya ce wa Umma Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Da ya zo wucewa ta kusa da ni ya ce a hankali, "Za ki neme ni."

Kuna tsammanin na ci nasara ko? Ku saurara.

Da safe na murɗa famfo, iska kawai ya hura mini. Wannan na san za a yi. Abin da ban zata ba shi ne da na isa aiki na tarar da layin mata har bayan shagon mai walda, famfon gangare ko ɗigo. Duka biyun ya rufe. Ban ƙara wa gangare ko kofi ɗaya ba, na kuma raba layinmu da nasu.

Maman 'yan biyu ta kinkimo bahon wankinta da ta jiƙa ta dire a ƙofar gidanmu, ta ce tun da ni ce mai ilimi sai in wanke da shi. Mai shago ya ce ba shi da canji tun kafin in buɗe baki. Gwaggo tana bi na da harara har bayi. Umma kuwa, jiya na gan ta ta ɗauki bokiti ta nufi hanyar tudu tana dafa bangon mutane. Na bi ta da gudu na kama mariƙin, ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya ta ci gaba da tafiya. An sallami Kanari, ta koma gidan da babu abin sha sai na rafi, Yaya tana tafasawa in akwai gawayi.

Ɗazu da la'asar saƙonsa ya shigo, babu Gimbiya, babu zukata.

"Gobe da safe zan je mahaɗa. Ki zo da kanki ki ba ni haƙuri. Sai ki zaɓi wanda zan buɗe, na Umma ko na yayarki. Ɗaya kawai."

Ban san yadda aka yi gidanmu suka ji ba, ƙila Baba ya kira. Na shiga ɗaki na tarar an goge mini riga an shimfiɗa a gado, da mayafi a kai, da takalmi a ƙasa. Umma ce ta yi gugar, a tsaye, da waɗannan gwiwoyin.

Zan je. Amma ba zan zaɓa tsakanin uwata da 'yar yayata ba, alhali baki huɗu ne a ramin. In na je ni kaɗai, yarinya ce da ta yi faɗa da saurayi, zai yi dariya ya jefa ƙarfensa a mota ya tafi, mutanen layinmu kuma su jefe ni da bokiti.

Saboda haka ku nake so. Waɗanda ke garin nan kun san mahaɗar, kullum kuna taka murfin ba ku san me ke ƙasa ba. Waɗanda ba sa nan, akwai irinsa a naku garin, ku nemo shi, ku tambayi wa ke riƙe da ƙarfen, kuma bakin wa ne ba a taɓa rufewa. Kada wanda ya turo mini hoton fuska mai hawaye. Gobe kafin ku tafi aiki ku ɗauko bokitin da ba komai a ciki, ku taho da maƙwabtanku, na layi da na gangare. Ku zo ku kewaye ramin nan tare da ni, kada kowa ya matsa sai an murɗa na tudu.